Yadda Torleiv Ya Kai Surukinmu Fadamar Ƙarya

Mijina Torleiv ya bayyana shirinsa ne a kan teburin karin kumallo, bakinsa cike da burodi da cuku, washegarin ranar da 'yarmu Solfrid ta bugo waya ta ce za su zo da mijinta Vegard su yi kwana uku.

Ba ziyarar sada zumunci kawai ba ce. Solfrid tana da ciki wata shida, ɗakinsu na Oslo kuwa ko kyanwa ta yi miƙa sai ta taɓa bango biyu. Gidan marigayiya uwata yana nan bakin kogi, shekara huɗu a kulle tun da 'yan haya suka tashi. Ita tana so su dawo su zauna a ciki. Shi Vegard, haifaffen birni, mai gyaran kwamfuta, ya ce sai ya zo ya ga kwarin namu da idonsa tukuna. In ya yarda, zan riƙa hango jikana ta tagar kicin. In ya ƙi, sai dai in zama kamar maƙwabciyata Borghild, wadda jikokinta ke kira "matar nan ta cikin waya".

Torleiv ya ce, "Ki bar mini yaron. Kwana uku, abin mamaki uku. Ranar farko matsirga, inda kogi ke zubowa daga kan dutse, ta biyu tafki, ta uku multe. Kafin ya tafi da bakinsa zai roƙe mu makullin gidan."

Na ce, "Multen wa?"

"Taki mana."

"Ba ka san inda take ba."

"Oddrun, shekara talatin da ɗaya muna kwana ɗaki ɗaya. Ko mafarki kika yi na san ta inda ya bi."

Multe, 'yar ƙwayar 'ya'yan itacen nan rawaya mai zaƙi da ke nuna a fadamun kan tudu sati biyu kacal cikin Agusta, ba abin wasa ba ce a kwarinmu. Mutum zai ara maka tarakta, ya gaya maka ciwon da likita ya gano masa a wurin da ba a faɗi, amma ba zai gaya maka fadamarsa ba. Ka gamu da shi da bokiti yana rinjayar kafaɗarsa, ka tambaye shi, zai dubi sama ya ce, "Bana babu komai, sanyi ya kashe furen." Gaisuwarmu ke nan ta Agusta. Limamin cocinmu ma haka yake faɗi, kuma ba ya lissafa ta cikin zunubi.

Tawa fadamar uwata ce ta raɗa mini ita a gadon asibiti, bayan ta kori ma'aikaciyar jinya waje. Ko Solfrid ban gaya wa ba. Torleiv kuwa, bakinsa rariya ne, abin da ya ji da safe yana kanti kafin rana ta take tsaka. Don haka kowace shekara nakan ajiye mota a tsohuwar gada, in ɗauki bokiti in nufi Fadamar Kunu kowa yana gani, sai na sha kan duwatsu in karkata in kama gabana. Fadamar Kunu ba ta da komai sai taɓo da sauro.

Na ce, "Ka kai shi duk inda ka ga dama, amma don Allah kada ka kai shi Fadamar Kunu."

Ya ajiye kofinsa a hankali, ya yi murmushi har kunne.

"Ashe dai can ce."

Na so in ciji harshena ya fita. In na ce masa ta ƙarya ce, kafin azahar duk kwari ya ji, dabarar shekara ashirin ta tafi a banza. Na bar shi a haka, ya ɗauki hula ya nufi kanti.

Borghild ce ta kawo mini rahoto. Wai ya tsaya gaban teburin da tsofaffi ke shan kofi, ya ce ranar Asabar zai kai surukinsa inda multe take kamar an zubar da buhun zinariya. Tsoho Aslak mai tumaki ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Kai ne za ka yi jagora a dawa? Kai da ka ɓace a wurin ajiye motoci na asibiti har aka yi cigiyarka a lasifika?"

"Sun canza wa motar wuri ne."

"E, haka motoci suke, ba su da amana."

Borghild tana ba ni labari tana leƙen fuskata. "Da gaske ya san wurin, Oddrun?"

"Wane wuri? Bana ai babu komai."

"Haka ne," in ji ta. "Sanyi."

Ranar Alhamis suka iso. Vegard dogo ne siriri, da fararen takalma irin na masu tafiya kan kwalta. Na cika masa faranti, ya ce, "To." Na nuna masa ɗakinsu, ya ce, "To." Na ja Solfrid kicin na ce, "Wannan 'to' ɗin nasa, na daɗi ne ko na wuya?"

"Mama, shekara biyar ina aurensa, ni ma har yanzu bincike nake."

Bayan cin abinci Torleiv ya fito cikin tsohuwar rigar sanyinsa ta soja, da wuƙa a ƙugu, da na'urar nuna arewa rataye a wuya. Ya ba Vegard rigar ruwa mai kauri da wandonta, ya ba shi auduga.

"Toshe kunnuwanka, suruki. Matsirgarmu in ta yi ruri, wani baƙo ya taɓa kurmancewa har sati biyu. Ruwan yana feshi tun daga nisan harbin bindiga."

Na ce, "Torleiv, yaushe rabonka da hawa can?"

"Dutse ba ya ƙaura, Oddrun."

Na bi su da tulun kofi, don hankalina ba zai kwanta a gida ba. Rana ta take, irin zafin nan da muke samu sau uku a shekara. Awa biyu muna hawa, su biyun suna dahuwa cikin roba. Gumi yana bin ƙafar wandon Vegard yana shiga fararen takalman. Da muka kusa, Torleiv ya tsaya ya ɗaga yatsa, ya yi ihu saboda audugar da ke kunnensa.

"Ka ji rurin?"

"Ban ji ba."

"Audugar ce. Mai kyau na saya."

Muka sha kwana. Ga dutsen nan tsaye, baƙi, dogo, busasshe kamar bayan tanda. Wani ɗan ruwa yana ɗiga daga sama, ƙarfinsa bai kai fitsarin tsohon rago ba. A daidai inda ruwan ya kamata ya faɗo, wata tunkiya tana kwance tana tuƙa. Yau shekara goma sha ɗaya ke nan da masu wutar lantarki suka karkatar da kogin cikin bututu, ba sa sakinsa sai ranar Lahadi awa biyu don masu ɗaukar hoto. Har takarda aka liƙa a kanti, daidai saman kujerar da Torleiv ke zama.

Ya cire audugar, ya dubi dutsen, ya dubi tunkiyar.

"Ka yi sa'a, suruki. Ba kowa ke samun ganin dutsen ba. Yawancin baƙi ruwa ke kare musu."

Vegard ya kashe sauro uku a wuyansa da mari ɗaya, ya ce, "To."

Ranar Juma'a tafki. Kwale-kwale ɗaya ne a wurin, na Aslak, kowa kuma yana ara. Kowa ya san in ka gama ka jawo shi kan tudu, sai ka zare ɗan katakon da ke toshe ramin gindinsa don ruwan sama ya tsiyaye, ka jefa shi cikin gwangwanin da aka kafa jikin bishiya. Mai shiga ya ɗauko ya mayar. Yaron da bai iya ɗaura takalmi ba ya san wannan.

Na buɗe baki na ce, "Torleiv, gwangwanin..."

"Mata da kifi ba sa shiri," in ji shi. "Ni a cikin kwale-kwale aka haife ni."

"A motar madara aka haife ka. Uwarka ta gaya mini."

"Hanyar ta bi ta bakin tafki."

Ya tura kwale-kwalen, Vegard ya zauna a gaba riƙe da sandar kamu kamar an ba shi jariri. Ni da Solfrid muka hura wuta a bakin ruwa muna toya waina. A ɗaya gaɓar na hango Borghild a barandarta da madubin hangen nesa. Ta ce tsuntsaye take kallo da shi. Shekara ashirin tana kallon tsuntsaye, har yau ba ta san hankaka da agwagwa ba, amma ta san wanda ya sayi sabon labule.

Murya tana tafiya a kan ruwa, duk muna jin su. Torleiv yana tuƙi yana ba da labarin kifin da ya taɓa kamawa, wanda sai da aka cire ƙofar kicin kafin ya shiga. Can Vegard ya ce, "Torleiv, ruwa yana shigowa."

"Kwale-kwalen kirki ba ya rabuwa da ɗan ruwa. Shi ke sa katako ya kumbura."

"Ya kai idon sawu."

"Ɗaga ƙafarka."

"Ya kai inda na ɗaga ta."

Sai muka ga Torleiv ya saki filafilai ya durƙusa yana laluben gindi. Ya sami ramin, ya cusa babban yatsa. Da ya ga ba mai tuƙi, sai ya ce a miƙo masa ƙunshin abincin rana. Ya yanko cukun nan namu mai ruwan ƙasa, ya mulmula, ya danna cikin ramin, ya miƙe yana karkaɗe hannu.

"Dabarar kakanni. A makarantar birni ba a koya muku wannan."

Cukun bai yi minti biyu ba ya narke. Kwale-kwalen ya yi ta sauka a hankali, kamar tsohuwa tana neman kujera. Torleiv ya haye kan benci yana kaɗa hula yana kiran a bugo wa jirgin ceto, yana cewa Vegard ya gaya wa jikansa cewa kakansa ya mutu a tsaye. Solfrid ta dafe ciki, ni na ƙona waina huɗu. Shi kuwa Vegard sai ya zura ƙafa waje ya sauka. Ruwan a cinya ya tsaya masa. Ya kama igiyar gaba, ya jawo kwale-kwalen da surukinsa a kai har gaɓa, kamar mai dawo da saniya daga kiwo. Wayarsa tana aljihun wando. Ba ta sake magana ba.

Kafin mu isa gida labari ya riga mu. Aslak yana jingine da shingensa.

"Sannu da aiki, jagora. Jiya ka nemi ruwa ka rasa, yau ruwa ya neme ka ya samu."

"Kwale-kwalenka ruɓaɓɓe ne."

"Na ji. An ce har ciyar da shi ka yi bai warke ba."

Da yamma ina wanke-wanke, tagar kicin a buɗe, na ji su Solfrid a baranda. Vegard yana tambayar ƙarfe nawa bas ke tashi gobe.

"Ƙarfe biyar. Saboda Baba ne?"

"A'a, babanki ba ruwansa, shi kaɗai ke yi mini magana ma. Sauran fa? Na shiga kanti na yi gaisuwa, mutum shida suka dubi takalmina, ba wanda ya matsa mini a benci. Na tambayi wata mata ina take zuwa da bokiti, ta dube ni kamar na nemi ta tuɓe. Solfrid, ko shekara talatin na yi a nan, baƙo zan mutu."

Farantin da ke hannuna ya kuɓuce ya koma cikin ruwa. Abincin dare ma ban iya ci ba, sai juya cokali.

Asabar da safe Torleiv ya tashi da ƙarfinsa kamar ba shi aka jawo jiya ba. Ya ɗauki bokitin ƙarfe, ya ba Vegard takalman roba masu dogon wuya. Na ce zan bi su. Ya ce ba ya bukatar mace ta nuna masa abin da ya riga ya sani. Na ce ba nuni zan yi ba, gawa zan rako.

Da muka isa tsohuwar gada, inda ko a ranar biki ba ka ganin mota biyu, sai ga motoci tara a jere. Ba kowa a ciki. Muka kama hanya. Ba mu yi nisa ba na hango jan ɗankwalin Borghild a bayan wani dutse.

Na ce, "Borghild, lafiya?"

Ta miƙe tana karkaɗe gwiwa. "Kyanwata nake nema."

"Da bokiti?"

"Ba ta son a ɗauke ta a hannu."

Gaba kaɗan muka tarar da Aslak, wai tumaki ya zo dubawa. Bayan wata bishiya kuma ga liman, ya ce ya fito keɓewa ne ya shirya wa'azin gobe. Rigarsa ta kumbura ta gefe ɗaya, kuma in ya motsa tana ƙara. Duk kwari ya fito ya ga inda Oddrun ke ɗibar multe shekara ashirin, kowa yana yi kamar bai ga ɗan'uwansa ba.

Torleiv da ya ga jama'a, sai kansa ya ƙara girma. Ya ɗaga murya yana koya wa Vegard dawa.

"Abu na farko, suruki, kyarkeci. Nan gidansu ne."

Aslak daga baya ya ce, "Rabon kwarin nan da kyarkeci tun kakana yana ɗan saurayi."

"Saboda suna tsorona ne. Kalli yadda ake yi."

Ya tsuguna ya ɗebi tsakuwa ya zuba cikin bokitin, ya shiga girgizawa da hannu biyu. Kacau, kacau, kacau.

Tun watan Yuni tumakin kwari kaf suke kan tudu suna kiwon kansu, kuma ƙara ɗaya suka sani a duniya: ƙarar dusa a bokiti. Da ita kowa ke kiran nasa. Shi ya sa mai hawa tudu da bokiti yake rungume shi kamar ƙwai.

Na ce, "Torleiv, ajiye bokitin nan."

"Kin ga ko kyarkeci ɗaya? Yana aiki ke nan."

Aslak ya cire hula, ya nemi dutse mai tsawo ya hau, ya gyara zama.

Da farko ƙararrawar wuyan tunkiya ɗaya muka ji daga nesa. Sai biyu. Sai tudun gaba ɗaya ya ɗauki ƙara kamar coci goma sun haɗa biki. Suka ɓullo ta kowace kusurwa, farare da baƙaƙe, iyaye da 'ya'ya, sun fi ɗari biyu, suna gangarowa a guje suna kuka. Wata ƙatuwa mai ƙiba, ta Aslak, mai suna Sarauniya, ita ce a gaba.

Torleiv ya ce, "Kada ka gudu, suruki. Dabba tana girmama wanda ya tsaya."

Kafin ya rufe baki ya juya ya zura. Bai kuma saki bokitin ba, yana gudu yana kacau-kacau, garke yana binsa. Muna ta ce masa ya jefar, shi yana jin kamar cewa muke ya ƙara mai. Ya hango wani fili shimfiɗaɗɗe, kore shar, ya nufe shi. Wanda duk ya girma a nan ya san inda fadama ta fi kore nan ta fi zurfi. Taku uku ya yi. Na huɗu ya lume har gwiwa, ya yi yunƙuri ya kai ƙugu, ya sake yunƙuri Fadamar Kunu ta karɓe shi har ƙirji, ta yi gyatsa.

Tumakin sun fi shi hankali, suka tsaya a gefe suka kewaye shi. Sarauniya ta miƙa wuya ta leƙa bokitin, ta ga tsakuwa, ta dube shi irin kallon da na daɗe ina yi masa, sannan ta cire masa hula ta fara ci.

Jama'a suka yi ta fitowa daga bayan duwatsu da bishiyoyi, kowa da bokitinsa, ba mai sauran ɓoyewa. Na ƙirga mutum goma sha bakwai. Suka tsaya suna ba da shawara. Wani ya ce ya kwanta da baya, wani ya ce da ciki. Liman ya tambaya ko akwai abin da yake so ya sauke daga zuciyarsa. Borghild ko kallonsa ba ta yi ba, ƙasa take bi da ido.

"Torleiv, kafin ka ƙarasa nutsewa, ina multen?"

"Tana nan. Gaba kaɗan."

"Gaba kaɗan ina? Ƙarƙashinka?"

Ta juyo gare ni a hankali. Na ga abin ya faɗo mata.

"Oddrun. Shekara ashirin ina rarrafe cikin kunun nan bayan kin tafi. Takalmi uku na bari a nan."

"Ni na aike ki? Ba kyanwa kike nema ba?"

Ana wannan, Vegard ya matso. Ya karɓi wuƙar Aslak, ya saro ƙananan bishiyoyi huɗu, ya shimfiɗa su kan taɓon, ya kwanta rub da ciki ya ja jiki har ya kai ga surukinsa. Ya ɗaura masa igiyar Aslak a ƙarƙashin hammata, ya dawo, maza shida suka kama. Suka ja, fadama ta ja. Suka sake ja. Can sai muka ji fuk, kamar an zare marufin kwalba, Torleiv ya fito. Takalmansa da wandonsa ba su fito ba. Abin da ya rage a jikinsa daga ƙugu zuwa ƙasa ɗan kamfai ne mai zanen zukata, wanda na saya masa da Kirsimeti don wasa.

Aslak ya ce, "To, ga abin mamaki na uku. Wannan kam ya cika alkawari."

Liman ya tuɓe rigarsa ya rufa masa, bokitin da ke ciki ya faɗo ya gangara. Aka tallabi Torleiv zuwa gada yana bayani cewa da gangan ya shiga, don ya nuna wa yaro inda ba a takawa. Jama'a suka bi shi, tumaki suka bi jama'a.

Vegard ya tsaya yana goge taɓo daga agogonsa. Ƙarfe ɗaya saura. Na dubi bayan mutane har suka sha kwana, na dubi yaron nan mai tsayi kamar sandar tuta, na tuna da gidan uwata a kulle. Na kama hannun rigarsa.

"Ɗauko bokitin. Zubar da tsakuwar. Rungume shi, kada ya yi ƙara."

Ba zan rubuta ta inda muka bi ba, ban haukace ba tukuna. Mun yi tafiya, mun kuma isa. Bana ta yi kyau fiye da kowace shekara da na sani, tun daga ƙafarmu har gindin dutse rawaya ce zalla, ta nuna lugub, ba inda za ka taka ba ka ji tausayi ba. Vegard ya tsaya baki buɗe. Na tsinko ɗaya na ba shi. Ya sa a baki, ya rufe ido, ya tsuguna ya tsinko wata da kansa.

"Solfrid ta san nan?"

"Ba ta sani ba. Ta gaji bakin ubanta."

"Torleiv fa?"

"Ka ga inda saninsa ya kai shi."

Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Me ya sa ni?"

"Kwana uku ina kallonka. An dafa ka cikin roba, an nutsar da kai, an kashe maka waya, kalma ɗaya ka ce. Bakin da ba ya yoyo nake nema tun da uwata ta rasu. Gwiwoyina sun fara gajiya, wani ya kamata ya sani. Amma ka ji sharaɗi: multe ba ta jiran wanda ke Oslo. Kwana biyu ka makara, tsuntsaye sun gama da ita."

Ya dubi fadamar, ya dube ni, ya ce, "To."

Ban san wane iri ba ne. Muka cika bokiti, na juye cikin jakar bayansa na rufe da rigar sanyi, muka sauko ta wata hanyar dabam.

Biyar saura kwata muka iso kanti. Bas yana tsaye, inji yana aiki, Solfrid tana gefe da akwatinsu, idonta ja. Duk kwari yana kan bencin waje ana shan kofi ana maimaita labarin, Torleiv a tsakiya cikin aron wando yana gyara musu inda suka yi kuskure. Da suka gan mu duk suka juyo. Gaban rigar Vegard duk ɗigon rawaya ne, har a haɓarsa, jakar kuma tana ɗiga ta ƙasa.

Borghild ta taso, ta zagaya shi sau ɗaya tana shinshina.

"Ɗan birni, kun daɗe a sama. Kun ga wani abu?"

Vegard ya gyara jakar a kafaɗa, ya ɗaga kai ya dubi sama kamar mai duba hadari, ya yi ajiyar zuciya.

"Bana babu komai," in ji shi. "Sanyi ya kashe furen."

Ba wanda ya yi motsi. Wani ɗigo ya faɗo daga jakar ya sauka kan takalmin Borghild. Ta dube shi, ta dubi yaron.

"Haka ne," ta ce. "Sanyi."

Aslak ya matsa gefe a kan benci, ya buga tafinsa a wurin da ya bari, ya tsiyaya kofi a wani kofin ya tura. "Zauna, Vegard. An ce kana gyaran kwamfuta. Tawa tun Ista take yi mini rashin kunya."

Vegard ya zauna. Direban bas ya danna ƙaho sau ɗaya, ya jira, ya rufe ƙofa ya tafi. Solfrid ta zauna kan akwatin tana kuka tana dariya, ni kuwa na shiga lalube cikin jakata, don tun Alhamis makullin gidan uwata yake ciki.

Torleiv ya bi bas ɗin da kallo, ya buga ƙirji.

"Me na gaya miki, Oddrun? Kwana uku. Ban ƙara ko awa ɗaya ba." Ya matso kusa da surukinsa, ya rage murya yadda duk benci zai ji. "Yanzu da muka zama ɗaya, suruki, tsakanina da kai, ta wajen gabas take ko?"

Vegard ya kurɓi kofinsa, ya lashe rawayar da ta rage a leɓensa, ya ce, "To."

A ranar na gane irin na daɗin.